Koci Ya Dubi Yaransa Tukuna

Wasan ƙwallon ƙafa, wanda dattawa suka sani da sunan tamaula, ya daɗe da wuce matsayin abin da yara ke rage rana da shi bayan an tashi makaranta. Yanzu sana'a ce mai ci da gidaje, kuma gwamnati na kashe mata kuɗin jama'a. Duk wanda ya bi hanyar Katsina zuwa Dutsin-Ma, ya ratsa ta Kurfi da la'asar, zai ga ƙura na tashi a filayen makarantu da na bayan gari, samari sun yi cincirindo. Yara dai akwai su, sha'awa kuma akwai ta. Wanda wannan jarida take so a tsaya a duba shi ne mutumin nan da ke tsaye a bakin fili da usur a wuya, watau koci, da irin yadda yake shirya 'yan gabansa don su ci ƙwallo.

Aikin koci yana farawa ne daga sanin yaran da Allah Ya ba shi. Wane ne mai gudu, wane ne mai ƙarfin kafaɗa wanda ba a ture shi, wane ne hagunsa ta fi damansa, wane ne ke hango abokinsa tun ƙwallo ba ta iso shi ba. Sai ya san wannan sa'an nan zai zana hanyar da ƙwallo za ta bi daga baya har raga. Mutanen wannan yanki ba su bukatar dogon bayani a kan haka, gama manoma ne. Mai gona a jigawa gero yake shukawa, mai gona a bakin madatsar ruwa ta Zobe shi ke dasa tumatir da albasa, kuma ba a taɓa jin wanda ya zuba shinkafa a kan tudu don kawai ya ga ta yi kyau a fadamar maƙwabcinsa ba.

Amma fa abin da ake yawan gani a ƙananan kulob-kulob na unguwanni da na makarantu ya saɓa wa wannan. Koci ya kwana a gidan kallo yana duban wasan Ingila ko na Sifen, gari ya waye ya zo fili da tsarin da ya gani, ya ce tilas gola ya miƙa wa na baya a ƙasa, na baya ya ba na tsakiya, a yi ta 'yar miƙe-miƙe har a kai gaba. Alhali kuwa filin da yake tsaye a kai babu ciyawa, rabinsa yashi rabinsa tsakuwa, da rani ya bushe ƙam, ƙwallo na tsalle inda ta ga dama. Yaron da ke da gudun barewa an tsare shi a tsakiya yana jiran a ba shi a ƙafa, shi kuwa abin da yake bukata a jefa masa ita gaba ya bi. Idan an ci su sai a ce yara ba su da ƙwaƙwalwa.

Wanda ake kwaikwayon ma ba haka ya yi ba. Pep Guardiola ya gina wasan Barcelona tsakanin 2008 da 2012 a kan Xavi da Iniesta da Busquets da Messi, mutanen da kulob ɗin ya raina tun suna yara a kan riƙe ƙwallo. Da ya sami Erling Haaland a Manchester City a 2022, ƙato mai son a aika masa ƙwallo da wuri, sai ya gyara wasansa don a riƙa kai masa, shi kuwa ya ci 36 a gasar Ingila a kakarsa ta farko.

Ba sai an je Turai neman misali ba, tarihin ƙasar nan ya isa. Ran 22 ga watan Maris, 1980, a Legas, Nijeriya ta ɗauki Kofin Afirka karo na farko bayan ta ci Aljeriya 3 da nema. Kocinta, Otto Gloria mutumin Brazil, ya ga ƙarfin ƙungiyarsa a gefe yake, Segun Odegbami a dama, Adokiye Amiesimaka a hagu, sai ya bi da wasan ta nan. A wasan ƙarshe kuma ya ɗauki Muda Lawal, wanda kowa ya sani ɗan tsakiya ne, ya tura shi gaba. Odegbami ya ci biyu, Muda ya ci ɗaya.

Misalin da ya fi dacewa masu koyar da yara su yi nazarinsa shi ne na Clemens Westerhof mutumin Holan, wanda ya karɓi ƙungiyar ƙasa a 1989. Yana da Rashidi Yekini, haifaffen Kaduna, wanda ya fara wasa a kulob ɗin masaƙar UNTL. Yekini ba gwanin yanka ba ne. Mutum ne mai ƙarfi da gudu da bugu mai zafi, wanda idan ya juya fuskarsa ga raga da ƙwallo a gabansa sai dai addu'a. Westerhof bai ɓata lokaci wajen mai da shi wani mutum dabam ba. Ya sa Sunday Oliseh a tsakiya don ya riƙa aika doguwar ƙwallo tun masu tsaron baya ba su daidaita ba, ya sa Finidi George a dama don ya riƙa kwararo ta cikin da'ira, ya sa Daniel Amokachi, wani ɗan Kaduna da ya fito daga Ranchers Bees, yana kai-komo kusa da shi yana janye masu tsaro. A Kofin Afirka na 1994 a Tunisiya Yekini ya ci 5, ya fi kowa. Ran 21 ga watan Yuni na wannan shekara, da aka ci Bulgeriya 3 da nema a Kofin Duniya a Amurka, ƙwallon farko daga ƙafar Finidi ta zo wa Yekini a bakin raga. Abin lura kuma, Jay-Jay Okocha, wanda ya fi su duka iya yanka, ba ya cikin sha ɗayan da suka fara wannan wasa. Koci na iya son gwani, amma ya zaunar da shi idan ba shi tsarin ranar ke bukata ba.

Akwai masu cewa gina wasa a kan mutum ɗaya kasada ce, don idan an tsare shi ko ya ji rauni shi ke nan. Maganarsu tana da gaskiya, sai dai amsarta tana cikin wannan ƙungiya ɗin. A wasan ƙarshe da Zambiya Yekini bai ci ba. Emmanuel Amuneke, wanda bai buga ko wasa ɗaya a gasar ba sai ranar, shi ya ci biyun da aka ɗauki kofi da su daga gefen hagu. Watau inda idon abokan hamayya ya taru a kan mutum ɗaya, nan ne ƙofa ke buɗewa ga wani, in dai koci ya tanadi wanda zai shiga ta.

Na kusa-kusa kuma shi ne Ahmed Musa, wanda ya ci 18 a gasar ƙasa yana Kano Pillars a kakar 2009 zuwa 2010. An daɗe ana ajiye shi a gefe. A Kofin Duniya na 2018 a Rasha, Kuroshiya ta ci Nijeriya 2 da nema, Musa yana benci aka fara. Kafin wasan Aisland ran 22 ga watan Yuni, Gernot Rohr ya sake shiri: ya sa mutum uku a baya, ya mai da Mikel Obi can ƙasan tsakiya inda ya saba, ya ba Victor Moses gefen dama gaba ɗaya, ya tura Musa gaba tare da Kelechi Iheanacho. Dalili a fili yake, masu tsaron Aisland dogaye ne masu ƙarfi a sama, amma juyawa na yi musu wuya. Har aka tafi hutun rabin lokaci Nijeriya ba ta buga ko ɗaya zuwa raga ba, kuma da a ce wasu shugabannin kulob ne na gida, da tun a nan sun aika wa koci da takarda. Bayan an dawo Musa ya ci biyu, ta farko daga Moses, ta biyu daga doguwar ƙwallon Kenneth Omeruo wadda ya bi da gudu.

To, me wannan ke nufi ga koci a Dutsin-Ma ko Kurfi, wanda ba shi da albashin kirki, watakila ƙwallo biyu ce gare shi duka? Duban yara ba ya cin kuɗi. Littafin rubutu ɗaya ya isa: a auna gudun kowane yaro, a rubuta ƙafar da ya fi amfani da ita, a gwada shi a wuri biyu ko uku kafin a yanke masa lamba. Al'adar nan ta cewa dogo shi ne gola, ƙarami kuma a jefa shi gefe don kada a taka shi, ta binne yara da yawa. Ƙungiyar da ke da masu gudu biyu ta ja baya kaɗan don a sami fili a bayan abokan hamayya. Wadda ke da dogo mai iya sa kai ta koya wa 'yan gefenta kwararo ƙwallo, ta kuma ɗauki bugun kwana da muhimmanci. Wadda ke da mai raba ƙwallo ɗaya tak ta sa masa mai ƙarfi a bayansa ya riƙa ƙwato masa. Ba kuwa a ce don an san gwanintar yaro an yafe masa komawa baya idan ƙwallo ta kuɓuce ba.

Ga ma'aikatan gwamnati masu riƙe da sha'anin wasanni, a ma'aikata ko a sakatariyar ƙaramar hukuma, akwai magana biyu. Ta farko, koci ba zai iya gina komai a kan gwanintar yara ba matuƙar wani ne ke aiko masa da sunayen waɗanda zai sa. Ɗan wane da ƙanen wane su zo fili a gwada su kamar kowa. Ta biyu ita ce haƙuri. Wasan farko na Westerhof a Kofin Afirka na 1990 Aljeriya ta ci shi 5 da 1, bai kuwa ɗauki kofi ba sai bayan shekara huɗu. Kocin da ya san rashin nasara biyu za su kore shi ba zai yi kasadar gwada sabon yaro a sabon wuri ba.

Dutsin-Ma tana da abin da garuruwa da yawa ba su da shi: Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita da Jami'ar Tarayya wadda aka kafa a 2011. Ɗaliban da ke can su ne malaman gobe, kuma a yawancin makarantun ƙauye malamin da ya fi ƙuruciya shi ake miƙa wa usur. Ya kyautu tun suna karatu a koya musu yadda ake duban yaro a fili. Wannan yanki ya sha fama da 'yan bindiga a 'yan shekarun nan, saboda haka duk abin da zai riƙe saurayi a fili da yamma, ya ba shi fatan wani abu a gaba, bai kamata a ɗauke shi da wasa ba.

Katsina United, wadda ta faɗo daga babbar gasar ƙasa a 2022 ta kuma koma a 2023, da kuɗin jama'ar jihar nan ake tafiyar da ita, kuma jihar tana da ƙananan hukumomi 34. Wannan jarida tana kira ga ma'aikatar wasanni da hukumar ƙwallon ƙafa ta jiha su shirya wa masu horar da yara na Dutsin-Ma da Kurfi da maƙwabtansu kwas lokacin hutun makarantu, a yi shi a filayen da suke aiki a kai, kana masu nema wa Katsina United 'yan wasa su halarta da littattafansu.