Jirgin da ba shi da birki, da yaran kabu-kabu na hanyar Argungu

Ranar 1 ga Nuwamba 1925 jirage uku na sojan saman Ingila, kirar DH.9A, suka sauka a filin sukuwa na Kano, bayan sun taso daga Helwan ta ƙasar Masar a ƙarƙashin Arthur Coningham. Masu fiffike biyu ne, ɗaya bisa ɗaya, an haɗa su da katako da ƙyalle da waya. Jama'a sun sha kallo. Matuƙa kuwa, a zamanin, ba abin da ke sa gabansu faɗuwa kamar sauka.

Dubi Avro 504, jirgin da Ingila ta fi koyar da sojojinta da shi a Yaƙin Duniya na Ɗaya. Ba shi da birki ko kaɗan. A wutsiya ba taya, sai wata 'yar sanda da ke jan ƙasa har ya tsaya. Injinsa gaba ɗaya yake juyawa tare da farfela, kuma ba ya yarda a rage masa totur yadda ake so, sai matuƙi ya riƙa danna wani maɓalli yana kashe wuta yana kunnawa yayin da ƙasa ke matsowa. In iska ta bugo daga gefe, bakin fiffike ya taɓa ciyawa, jirgi ya yi juyi a wuri ɗaya ya karye. In taya ta faɗa taɓo, ya kifa da hanci. Shi ya sa aka ɗaura masa wani dogon katako tsakanin tayoyin gaba, don kada ya yi adungure.

Ɗalibai sun yi ta mutuwa tun ba su ga fagen fama ba. Malamai da yawa tsoron ɗaliban suke ji: da yaro ya fara kuskure sai su fizge sandar tuƙi, ga ƙarar inji ta hana magana. Bayan 'yan sa'o'i a ce masa ya tashi shi kaɗai, Allah ya kiyaye.

Robert Smith-Barry ne ya sauya wannan. Shi kansa jirgi ya faɗi da shi a Faransa a Agustan 1914, ya karye ƙafa biyu. A makarantar da ya jagoranta a Gosport a 1917, an sa bututun roba daga bakin malami zuwa kunnen ɗalibi, suna sama yana yi masa bayani. Sannan ya hana a ɓoye wa ɗalibi haɗari. Malami ya kashe inji ba sanarwa, ya ce nemi fili ka sauka. A sa shi sauka iska na bugun gefe, da gangan, a sake, a kuma sakewa, malami na zaune ya janye hannunsa sai in abu ya ƙi.

Kabawan Argungu ba baƙin wannan tarbiyya ba ne. Wanda ya kalli wasannin kabanci a kogin Matan Fada ya san yaran da ke ninƙaya da nutso ba a tudu suka koya ba. Uba ne ya shiga da su ruwa, ya bar su suka ɗan sha, yana kusa. Babur ne ya shigo mana ba tare da irin wannan tarbiyya ba.

Bi hanyar Birnin Kebbi zuwa Argungu, ta Ambursa inda filin jirgin Sir Ahmadu Bello yake, ranar kasuwa. Za ka ga yaro ɗan kabu-kabu da buhun shinkafa biyu da fasinja a bisa. An nuna masa giya da totur da yamma ɗaya, washegari maigida ya miƙa masa makulli, ya faɗa masa balas ɗin da zai kawo. Gudu kam ya iya. Amma bai taɓa taka birki a kan yashin da ke bakin kwalta ba, bai san yadda tayar gaba ke zamewa in an sauko gangaren fadama bayan ruwan sama ba, sai ranar da akuya ta gitta masa.

A ganina ƙungiyoyin 'yan kabu-kabu, da suke karɓar kuɗin tikiti kullum safiya, su ya kamata su ɗauki wannan nauyi, ba sai an jira gwamnati ba. Filin ƙwallo ɗaya ya isa, da tsohon babur, da buhunan yashi a madadin shinkafa, da dattijon ɗan kabu-kabu a kujerar baya yana magana a kunnen yaro, ya ce masa tsaya a inda bai zata ba. Wanda ya faɗi a nan gwiwa zai kuje, ya tashi ya sake hawa, kafin a ba shi riga da lamba.