Karayar Ƙugu a Tsakanin Dattawa: Jinkiri Ne Babban Haɗari

Tun bayan kammala madatsar ruwa ta Tiga a shekarar 1974, noman rani ya zauna daram a Kadawa da ƙauyukan ƙananan hukumomin Kura da Bunkure. Har yanzu dattawanmu da dama na fita gonakin shinkafa da tumatir, suna bin gaɓar magudanan ruwa masu santsi. Ga wanda ƙashinsa ya yi rauni saboda shekaru, musamman mata, zamewa ɗaya a gona ko a banɗaki ta isa ta karya ƙugu.

Alamominta a fili suke: mutum ya kasa tsayuwa, ƙafar ta gajarce, ta kuma juya waje. A al'adarmu, mai ɗori ake fara kira. Sai dai wannan karaya tana can ciki ne, a wuyan ƙashin cinya ko kusa da shi, inda karan ɗori ba ya kaiwa. Sau da yawa ma jinin da ke ciyar da kan ƙashin yana yankewa, don haka ba ya haɗewa.

Doguwar kwanciya ce ke jawo gyambon baya, ciwon huhu da daskarewar jini a jijiya. Binciken da aka yi a ƙasashe da dama ya nuna cewa kimanin mutum 1 cikin 4 na tsofaffin da suka samu wannan karaya na rasuwa cikin shekara guda. Shi ya sa likitoci ke son a yi aiki cikin awa 48, a sa ƙarfe ko a sauya kan ƙashin, domin majiyyaci ya tashi zaune, ya soma takawa da wuri.

Alhamdulillahi, Asibitin Ƙashi na Dala, wanda aka buɗe a 1959, yana nan cikin birnin Kano. Abin da ya fi hana jama'a zuwa shi ne kuɗin aiki, rashin mota da tsoron wuƙar likita.

Saboda haka muna kira ga hakimai, dagatai da masu unguwanni da su wayar da kan jama'a. Kansiloli da ƙungiyoyin manoma kuma su tanadi mota da asusun gaggawa. Dattijon da ya faɗi ya kasa tashi, a kai shi asibiti a ɗauki hoton ƙashi a ranar, kada a jira gobe.

Allah Ya ƙara wa iyayenmu lafiya, amin.