Rumbun bayanai: wa ke riƙe da mabuɗi?

Masu iya magana sun ce ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Haka nan ba a sanin darajar mai kula da rumbun bayanai sai ranar da ma'aikaci ya ajiye aiki ya je neman fanshonsa, aka ce masa kwamfuta ba ta san shi ba. Ko kuwa ɗan kasuwa ya iso duwan ta Ɗan Barto da mota cike da kaya, aka ce ya dakata, na'ura ta tsaya.

Rumbun bayanai ba wani abu ba ne illa babban kundi da ke cikin kwamfuta, inda kowane mutum ko kowane kaya ke da layinsa da lambarsa. Wani masani na kamfanin IBM a Amurka, Edgar Codd, shi ne ya shimfiɗa tsarin a shekarar 1970: a jera bayanai cikin alluna, a ƙulla allo da allo ta hanyar lamba. Harshen da ake tambayar rumbun da shi, wato SQL, daga nan ya samo asali. Ƴan kasuwa sun daɗe suna hulɗa da irin wannan rumbu ko da ba su kira shi da suna ba, domin SYDONIA da duwan ke aiki da shi, wanda hukumar CNUCED ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙirƙiro, a kan rumbun bayanai yake tsaye, haka ma lambar NIF ta masu biyan lanho.

To, amma a ƙasar Damagaram wahalar ba a na'ura take ba, a suna take. Mutum guda, an raɗa masa Muhammadu ranar suna. Malamin lakwal ya rubuta Mahamadou, sakataren ma'aikatar magajin gari ya rubuta Mahaman, takardar ɗaukar aiki ta ce Mamane, in ya ƙetara Daura ko Kano kuma ya koma Muhammad. Duk wanda ke Birni ko Zango ya san mutum ɗaya ne. Kwamfuta kuwa mutum huɗu take gani, in ba biyar ba. Ga kuma dubban dattawa da takardunsu suka ce an haife su "wajen" shekara kaza, babu wata babu rana. Da na'ura ta nace sai an ba ta rana, sai aka yi ta zuba musu 1 ga Janairu. A jihar da ƙidayar 2012 ta nuna tana da mutum fiye da miliyan 3 da rabi, wadda ta fi kowace jiha yawan jama'a, Musa ɗan Isa da aka haifa 1 ga Janairu ba zai ƙirgu ba.

Nan ne gwanin rumbu ke bambanta da mai buga takarda. Gwani tun kafin a shigar da suna ko guda yake zama ya tsara: wace lamba ce za ta raba wannan Musa da wancan, wane gurbi ne ba za a bari fanko ba, me na'ura za ta yi in an kawo mata lamba sau biyu. Abin da ya sa ke nan hukumar zaɓe ta CENI ta koma ga hoto da zanen yatsa a rijistar zaɓen 2020, wadda ta ƙunshi mutum wajen miliyan 7 da dubu 400: suna na iya rikiɗa, yatsa ba ya rikiɗa.

Sai batun amana. Mai riƙe da mabuɗi yana iya sauya shekarar haihuwa ko ya shafe bashi cikin ƙiftawar ido, ba tare da an ga kankara ba kamar yadda ake gani a kundin takarda. Saboda haka rumbu na ƙwarai yakan ba kowane ma'aikaci nasa mabuɗi da iyakarsa, ya kuma rubuta wa ya taɓa me, a wane lokaci. Ofishin da mutum goma ke shiga da kalmar sirri ɗaya, wadda aka manna a jikin bango, ba shi da wanda zai kama in ɓarna ta auku.

Wuta ma ba abin dogaro ba ce. Da Najeriya ta yanke lantarkin da take bai wa Nijar a watan Agusta 2023, Damagaram na cikin garuruwan da suka ji jiki, kuma ɗaukewar wuta ana tsakiyar rubutu tana iya lalata kundi. Ga zafi, ga ƙurar hunturu.

Matasa da yawa sun iya ambaton Oracle, MySQL da PostgreSQL a takardar neman aiki. Alhajin da ke son ɗaukar ɗaya daga cikinsu don lissafin shagonsa na Kasuwar Dole, ko shugaban ma'aikata, ba sai ya san waɗannan sunaye ba. Ya tambaye shi ina ake ajiye kwafin bayanan jiya. In ya nuna kwamfutar da ke gabansa, to babu kwafi. In ya ce yana wani gida daban, sai a ba shi na'urar da babu kome cikinta, a ce ya maido da lissafin jiya cikinta kafin la'asar.