Fitilar Kashe Ƙwayoyin Cuta Ba Ta Jikin Mutum Ba Ce



Lokacin da korona ta shigo Najeriya a watan Fabrairun 2020, mun sha jin ana cewa zafin ranarmu ya isa ya kashe cutar. Wasu kuma suka ce akwai fitilar da mutum zai haska hannunsa da ita, shi ke nan ya tsira. A ganinmu, wannan magana tana da haɗari.

Gaskiya ne akwai wani haske da ido ba ya gani, ana kiransa UV. Nau'insa mai suna UV-C yana lalata ƙwayoyin cuta. Shi ya sa asibitoci ke amfani da shi, kuma a birnin Shanghai na ƙasar Sin an riƙa haska motocin bas da shi. Amma sai kowa ya fita tukuna, domin yana ƙona fata, yana illata ido. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta yi gargaɗi kada a haska shi a jiki.

Ita kuwa rana, UV-C ɗinta ba ya isowa ƙasa, tun a sama ake tare shi. Fitilar da 'yan kasuwa ke duba jabun kuɗi da ita ma ba irin wannan ba ce.

Saboda haka, idan wata annoba ta sake ɓulla, Allah ya kiyaye, kada mu yi wasa da idanunmu. Da su muke karatu. Roƙonmu ga hukumar makaranta shi ne a ajiye ruwa da sabulu a bakin kowane aji. Wanke hannu na daƙiƙa 20 ya fi mana kowace fitila amfani.