TUBALI DA ALLO

Ƴan'uwa ƴan jam'iyya, ku kasa kunne ku ji labarin baƙaƙen fata na Amurka, don akwai darasi a ciki.

Zamanin bauta, jihohi da dama na kudancin ƙasar sun kafa doka: wanda ya koya wa bawa karatu ya yi laifi. Mai bulala ya san bawan da ya iya karatu ba ya daɗewa da sarƙa.

Bauta ta ƙare a 1865. Ranar 4 ga Yuli 1881, Booker T. Washington ya buɗe lakkwal a Tuskegee da almajirai 30. Gwamnatin Alabama ta ba da dala 2,000 a shekara don albashin malamai kaɗai, babu fili, babu ɗaki. Almajiran suka kwaɓa ƙasa, suka gasa tubali, suka gina azuzuwansu da hannunsu.

Daga 1912 zuwa 1932, da taimakon attajiri Julius Rosenwald, aka gina makarantu kusan 5,000 a jihohi 15. Sharaɗinsa shi ne sai gari ya kawo nasa rabo. Manoma da mata masu wankau suka yi karo-karo, har kuɗin baƙaƙen fata ya zarce nasa. A 1926 kuma Carter G. Woodson ya kafa makon tarihin baƙar fata, don yaro ya san kakanninsa mutane ne masu asali.

Mu fa? A 2021 wuta ta kama azuzuwan zana a Yamai da Maraɗi, yara fiye da 40 suka rasu. Gina lakkwal haƙƙi ne a wuyan gwamnati, kuma ba za mu daina tambayar ta ba. Amma zomo ba ya kamuwa daga zaune.

Don haka kowane kwamiti, a Tawa, a Damagaram, a Tasawa, a Ƙonni, ya yi abu uku. Ya ƙidaya yaran unguwa da ba su zuwa lakkwal, ƴan mata a gaba. Ya sa asusu ranar kasuwa, a karanta lissafinsa a bainar jama'a. Ya kira gayya bayan kaka a buga tubali. Dattawa kuma su shiga aji su ba yara tarihin garinsu da Hausa.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba, sannan ya miƙa takardar gaba.

Ilimi ga ɗan talaka! Ƙasa ga masu ita!