Jeren Kaka Ba Kayan Gwangwan Ba Ne

A Birnin Kudu da Gwaram, idan tsohuwa ta rasu aka zo rabon gado, jerenta ne ke fara wulaƙanta. Fanteka da langa da samira sai a miƙa wa 'yan gwangwan su auna a sikeli, tangaran kuwa a bar wa yara su farfasa. Abin takaici, magadan da ke yin haka sau da yawa 'yan boko ne, waɗanda ke kumfar baki a kan kayan tarihin Benin da Turawan Ingila suka kwashe a 1897.

Hujjarsu ita ce kayan nan na kanti ne, ba Bahaushe ya ƙera su ba. Gaskiya ne, amma Bahaushiya ce ta mayar da su dukiya. Jere shi ne asusun matar kulle: da ribar ƙuli-ƙuli da kuɗin adashi take ƙara shi, ranar da ta shiga matsi ta sayar da kwano guda ta rufa wa kanta asiri. Wanda ya auna shi da kilo ya shafe shaidar tattalin uwarsa.

Tantance kayan ba ya bukatar digiri. Tangaran na ainihi da farin yumɓu ake yin sa, a gasa shi da zafin da ya haura digiri 1,200, shi ya sa haske ke ratsa shi idan an ɗaga shi a rana. In an ƙwanƙwasa lafiyayye sai ya yi ƙara kamar ƙararrawa. Mai tsaga muryarsa a dushe take. Tambarin gindi kuma yana faɗin shekaru: ƙasar Cekosulobakiya ta wanzu ne daga 1918 zuwa 1992, don haka kwanon da ke ɗauke da sunanta ba zai wuce wannan tsakanin ba. Cikakken jeri mai murafunsa ya fi warwatsattse daraja nesa ba kusa ba.

Ba kowane kwano ne zai yi tsada ba, kuma magada suna da haƙƙin sayar da rabonsu. Amma a san abin da ake sayarwa tukuna. Birnin Kudu na alfahari da zanen Dutsen Habude da na Dutsen Mesa, alhali tarihin matan garin yana tafiya a buhun ɗan gwangwan. Kafin a kira mai sikeli, a juya gindin kwanon, a ɗauki hotonsa, a rubuta sunan mai shi.