"KUNNA MINI HOTSIFOT": KYAUTA CE KO TATSAR SANIYAR WANI?

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai, tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabin rahama, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya. 

Ya 'yan'uwana matasa, na daɗe ina son in yi magana a kan wata ɗabi'a da ta zama ruwan dare a majalisunmu, ina ta jinkirtawa saboda ganin kamar ƙaramar magana ce, har sai da abin ya shigo cikin gidanmu.

Kwanakin baya na tashi daga Tambuwal na je Kebbe gaishe da ƙanwata. Ɗanta na fari yana shirin jarrabawar JAMB, wadda tun shekarar 2015 a kwamfuta kaɗai ake rubuta ta, shi kuwa bai taɓa zama gaban kwamfuta na awa ɗaya cur ba. Wani malaminsa ya ara masa kwamfutar tafi-da-gidanka ta mako guda, uwar kuma ta cire naira 3,000 daga cinikin ƙuli-ƙulinta ta saya masa data don ya gwada hannunsa a kan tambayoyin baya. Bayan sallar isha'i ya zauna a ƙofar gida ya kunna hotsifot ɗin wayarsa ya haɗa kwamfutar. A kan tabarmar akwai abokansa uku waɗanda ya taɓa ba su kalmar sirri tun lokacin ƙaramar Sallah. Suka ga wayoyinsu sun kama, suka ƙifta wa juna ido, suka shiga kallon bidiyo da sauke finafinai. Dare biyu aka yi haka, a na uku saƙo ya shigo cewa data ta ƙare. Yaron ya kasa gaya wa uwarsa don kunya, mako ya cika, kwamfuta ta koma wurin mai ita.

Da na kira ɗaya daga cikin yaran na yi masa magana, ko a jikinsa. Cewa ya yi: "Haba Kawu, iska ta fa. Wa ad da iska?" Wannan amsa ita ta sa na ɗauki alƙalami, domin na san ba shi kaɗai ke da wannan fahimta ba. Na ji ta a bakin ɗalibai, na ji ta a bakin masu gemu da ke sahun farko.

MENE NE HOTSIFOT?

Kafin hukunci sai an san abin da ake hukuntawa. Wayarka tana karɓar intanet ne daga ƙarfen sabis ta hanyar layin da ke cikinta, kamfani kuma yana auna duk abin da ya wuce ta wannan layi kamar yadda mai awo ke auna gero da mudu. Idan ka kunna hotsifot, wayar ta zama ƙaramar tasha mai watsa Wi-Fi, duk na'urar da ta san kalmar sirri sai ta sha daga wurinta. Ana iya yin haka kuma ta igiyar caji ko ta Bluetooth. Wayoyin Android sun samu wannan dama a 2010, iPhone kuma a 2011. Abin lura shi ne, duk abin da baƙon ya kalla ko ya sauke, daga mudun mai layin ake cirewa. Awa ɗaya ta kallon bidiyo mai kyawun hoto tana iya cin abin da ya kai gigabayit guda. Sannan waya ba ta mantuwa: in an taɓa ba ta kalmar sirri, duk ranar da ta sake jin wannan hotsifot za ta kama da kanta, sai in mai shi ya canza kalmar.

SHUBUHA TA FARKO: "AI ISKA CE"

Mu mutanen wannan yanki bai kamata a ce mu ne masu wannan magana ba. A watan Satumba na 2021 gwamnatin jihar Sakkwato ta sa aka katse sabis a ƙananan hukumomi 14 daga cikin 23 saboda matsalar 'yan bindiga, Tambuwal na cikinsu. A waɗancan kwanaki iska ba ta daina kaɗawa ba, kowa yana shaƙarta kyauta, amma mutane sai da suka riƙa biyan kuɗin mota zuwa inda ake samun sabis don su aika saƙo ɗaya. In da data iska ce, wa ya isa ya kashe ta? Ƙarfe ne aka kafa, aka sa masa inji, ana zuba masa gas, ana biyan ma'aikata da masu gadi. Tun da wayar salula ta shigo Nijeriya a 2001 ba a taɓa raba ta kyauta ba, kuma a watan Janairu na 2025 hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince wa kamfanoni su ƙara farashi da kashi 50 cikin 100. Abin da ake saye da kuɗi, ake aunawa, yake ƙarewa, mai shi yake baƙin ciki in ya rasa shi, wannan dukiya ce a shari'a da kuma al'ada.

Idan ta tabbata dukiya ce, to aya ta 29 a Suratun Nisa'i ta hau kanta, inda Allah Ya hana muminai cin dukiyar juna ta hanyar ɓarna, sai ta ciniki bisa yardar juna. Akwai kuma hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito daga Abdullahi ɗan Umar (RA), wanda duk lokacin da na karanta shi sai in ga kamar wannan mas'ala ake nufi. Manzon Allah (SAW) ya hana mutum ya tatsi dabbar wani ba da izninsa ba, ya kwatanta hakan da a fasa wa mutum ma'ajinsa a kwashe masa abinci. Ka duba da kyau, ya ɗan'uwa. Mai tatsar bai saci saniyar ba, tana nan a turkenta. Mai ita ma ba zai ga alama ba sai ya zo da ƙwaryarsa da safe. Haka abokan yaron nan suka yi: waya tana hannunsa, hantsar ce suka bari fayau.

SHUBUHA TA BIYU: "MUSULMI SUN YI TARAYYA A RUWA DA CIYAWA DA WUTA"

Wani ɗalibi da muka yi muhawara da shi ya kawo mini hadisin da Abu Dawud ya ruwaito a kan tarayyar Musulmi cikin waɗannan abubuwa uku, ya ce data ita ce wutar wannan zamani. Na ce masa madalla da hadisi, amma malaman fiƙihu sun yi bayaninsa tun kafin a haife mu. Ruwan gulbi na kowa ne, ba mai hana wani. Ruwan da ɗan garuwa ya ɗebo ya zuba a jarka ya turo a kura cikin rana kuwa ya zama nasa, sayar da shi halal ne, ɗaukarsa ba izini haram ne. Ciyawar daji ta kowa ce, amma damin da aka yanko aka kawo kasuwa yana da mai shi. Ita kuwa wuta, in na ɗebi garwashi a murhunka wutarka ba ta ragu ba, data kuwa duk abin da na sha ya bar hannunka har abada. Ƙiyasin bai yi ba.

SHUBUHA TA UKU: "AI SHI YA BA NI DA KANSA"

Nan ne mafi yawanmu ke faɗawa. Izini yana da iyaka ta lokaci da ta manufa. Wanda ya ba ka mabuɗin ɗakinsa ranar Sallah don ka ɗauko darduma bai mallaka maka ɗakin ba. Wanda ka ce wa "minti biyu, saƙo kawai zan duba", sannan ka shiga sabunta manhajojin wayarka gaba ɗaya, ka yi masa ƙarya kuma ka ci amanarsa, laifi biyu a zama ɗaya. In wayarka ce ta kama da kanta ba ka sani ba, babu laifi a kanka har zuwa lokacin da ka gani. Daga nan, ko ka yanke ko ka nemi sabon izini.

Akwai kuma iznin da ba izini ba ne. A tsakiyar majalisa, gaban mutum goma, sai babba ya dubi ƙarami ya ce: "Kai, kunna mini hotsifot." Yaro ya san in ya ƙi za a ce masa marowaci, a yi ta yi masa ba'a har mako, sai ya kunna yana murmushin yaƙe, zuciyarsa na lissafin abin da ya rage. Malamai suna kiran wannan karɓa da takobin kunya, kuma da yawansu sun haɗa shi da ƙwace, domin dukiyar Musulmi ba ta halatta sai da daɗin ransa. Mu Hausawa mun fi kowa sanin ƙarfin kunya. Yaron da ba ya iya kiran sunan yayansa, ta ina zai iya ce masa a'a? Wallahi yayye da kawunnai da malaman makaranta da ke yi wa na ƙasa da su haka su ji tsoron Allah. In buƙata ta kama ka, ka ja shi gefe inda zai iya ƙi ba tare da ya muzanta ba.

ABIN DA YA WUCE KUƊI

Tun watan Disamba na 2020 aka wajabta haɗa kowane layi da lambar shaidar ɗan ƙasa, wato NIN. Ma'ana, duk abin da aka aikata ta hotsifot ɗinka, a wajen kamfani ta layinka ya fita, layin kuma sunanka da hotonka ke kansa. In baƙonka ya damfari wani ko ya aika saƙon barazana, sawun da za a fara bi ƙofarka zai kawo, a yankin da kowa ya san halin tsaron da ake ciki. Saboda haka wanda ya shiga layin ɗan'uwansa a ɓoye ya ɗauki sunansa ma ya yi yawo da shi. Shi kuma mai bayarwa, in ya san abokinsa batsa zai kalla ko cacar ƙwallo zai buga, sai ya tuna aya ta 2 a Suratul Ma'ida da ta hana taimakekeniya a kan saɓo. A irin wannan hali hanawa ita ce ibada.

KADA MAROWACI YA YI MURNA

Na san akwai wanda zai karanta wannan ya ce to shi ke nan, an ba ni hujja. A'a, ba da kai nake ba. Allah Ya zargi masu hana ƙananan abubuwan taimako a ƙarshen Suratul Ma'un, kuma Abdullahi ɗan Mas'ud (RA) ya bayyana cewa a zamanin Annabi (SAW) suna lissafa aron guga da tukunya a cikinsu. Annabi (SAW) ya yabi Ash'ariyawa saboda in abincinsu ya yi ƙaranci sukan tara abin da ke hannunsu wuri ɗaya su raba daidai. Baƙon da ya sauka a tashar Tambuwal datarsa ta ƙare yana son ya sanar da gida ya iso lafiya, dattijon da aka turo wa kuɗin magani yana son ya tabbatar sun shiga, yarinyar da za ta duba sakamakon jarrabawa, duk waɗannan abin da za su ci bai taka kara ya karya ba, ladan kuwa Allah kaɗai Ya san yawansa. Wanda datarsa za ta lalace gobe saboda wa'adinta ya cika, amma ya gwammace ta ƙone da maƙwabcinsa ya amfana, wannan ya binciki zuciyarsa. Abin da nake yaƙi da shi shi ne a mayar da sadaka haraji. In an ƙwace, mai bayarwa ya rasa daɗin bayarwa, mai karɓa ya kwashi zunubi, zumunci kuma ya yi tsami.

SHAWARA

Ga mai waya: ka sa kalmar sirri mai ƙarfi, harafi takwas ne mafi ƙaranci da waya ke karɓa, kuma kada ta zama lambar wayarka ko 12345678. Ka canza ta bayan ka ba wani. Yawancin wayoyin Android suna nuna maka na'urorin da ke haɗe da kai, suna ba ka damar ƙayyade yawansu, wasu ma har da iyakar datar da za a sha. In kwamfuta za ka haɗa, ka nuna mata cewa data ce mai awo, in ba haka ba za ta shiga sabunta kanta ta cinye maka ba tare da kowa ya taɓa ta ba. In ka gama ka kashe.

Ga mai roƙo: ka faɗi gaskiyar abin da za ka yi, ka tsaya a kansa, ka yi godiya, sannan ka sa wayarka ta manta da kalmar sirrin. In an hana ka, ka yi wa ɗan'uwanka uzuri, ba ka san da wane gumi aka saya ba.

Ga wanda ya riga ya sha ta ɓoye: haƙƙin bawa ba ya faɗuwa da istigfari kaɗai. Ka je ka nemi yafiya, ko ka saya masa kwatankwacin abin da ka ci ka tura masa, abu ne na minti ɗaya. Ka tuna hadisin matsiyaci da Muslim ya ruwaito, mutumin da zai zo ranar ƙiyama da salla da azumi da zakka, amma ya ci dukiyar wannan ya zagi wancan, a yi ta ɗibar ladansa ana biyansu har ya ƙare.

Yaran nan uku na tara su kafin in bar Kebbe. Biyu sun haɗa kuɗi sun kai wa ƙanwata da hannunsu, suka ba ta haƙuri, ta yafe. Na ukun har yanzu yana kan bakansa cewa iska ce. Ina roƙon Allah Ya ganar da shi, Ya ganar da mu baki ɗaya.

Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskuren da ke ciki daga gare ni ne da Shaiɗan. Allah Ya tsarkake mana abin da muke ci da abin da muke kallo, Ya raba mu da haƙƙin mutane, Ya zaunar da yankinmu lafiya.

Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.